Cin rani: tarihin tafiyar talaka a kudancin Nijar

Da zarar an gama yankan hatsi, an ɗaure dammuna an kai rumbu, wajen ƙarshen watan Oktoba, sai tashoshin mota na Maraɗi, Ƙwanni, Tawa, Tasawa da Damagaram su fara cika tun da asuba. Galibin matafiyan samari ne, kowane da ƴar jakarsa da tabarma da buta, tare da wasu magidanta da suka san hanya suna yi musu jagora. Wannan zai tafi Kano, wancan Legas, wani Abijan, wani kuma ya nufi Agadas da niyyar tsallaka hamada. Malaman makarantun karkara sun san lokacin ba sai sun duba kalanda ba, domin a makonnin nan ne kujerun manyan yara maza suke zama wayam, in an kira suna sai aji ya amsa da cewa ya tafi biɗa.

A rubuce-rubucen Faransanci ana kiran wannan abu « exode rural », kalmar da ke sa mai karatu ya zaci ƙauye ne ke watsewa ba komowa. Hausawa kuwa sun raɗa masa suna tun da daɗewa, wato cin rani. Ma'anarsa mutum ya je ya ci ranin a wani wuri, ya bar wa iyali abin da ke cikin rumbu, sa'an nan ya komo kafin ruwan shuka. Tarihin ƙasar nan kamar yadda ake karantar da shi cike yake da sarakuna da yaƙe-yaƙe da gwamnoni, amma wannan tafiya da gidaje masu ɗimbin yawa suka dogara da ita fiye da shekara ɗari ba ta samu babi nata ba.

Lissafin rumbu

Tushen al'amarin yana cikin yanayin ƙasa. A yankin da ya taso daga Dogondutsi zuwa Magarya, damana ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan da ke sauka kuwa tsakanin milimita 400 ne zuwa 600 a shekarar da ta yi kyau. Sauran wata takwas gona ba ta buƙatar hannu sai ɗan sharar daji da kai taki. Maigida yana da gandu, inda duk mazan gida ke aiki tare, kuma daga hatsin gandun ne yake biyan haraji, ya aurar da ɗiya, ya ciyar da gida a lokacin noma. Ƙanne da ƴaƴa da mata suna da gamana, ƴar gonar da amfaninta nasu ne. A gidaje da yawa akan rufe rumbun gandu bayan kaka, ba a buɗe shi sai damana ta kama, lokacin da aiki ke buƙatar cikakken ciki.

To, saurayin da ya zauna gida da rani baki ne mai cin hatsi ba tare da ya ƙaro ko zangarniya ɗaya ba. Idan ya tafi, gida ya samu riba biyu: tiyar da zai ci ta tsira, kuma akwai begen ya komo da kuɗin haraji da na sutura da na aure. Shi ya sa ba a tafiya cin rani a ɓoye sai in an yi faɗa. Uba ne ke ba da izini, uwa ta yi guzurin ƙuli-ƙuli da garin hura, malami ya duba ranar da ta dace ya ba da laya, wani lokaci a sayar da akuya ko a ci bashi domin kuɗin mota. Zomo ba ya kamuwa daga zaune, in ji masu iya magana, kuma da wannan karin maganar aka sallami samari da yawa.

Zamanin ayari

A ƙarni na 19 tafiya mai nisa ba ta kowa ba ce. Bayan jihadin 1804, Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafa zamansu a Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, aka yi ta kai hari tsakaninsu da ƙasashen daular Sakkwato shekara da shekaru. Talakan da ya kama hanya shi kaɗai yana iya wayar gari a kasuwar bayi. Masu tafiya su ne waɗanda ke da wata inuwa: fatake cikin ayari, almajirai masu zuwa gabas neman karatu a Barno, maroƙa masu bin fadodi, da alhazai masu tafiya ƙasa, waɗanda kan yi shekaru suna aiki a Wadai da Darfur da bakin kogin Nilu kafin su ga Maka.

Babbar hanyar fatauci ita ce ta Gwanja. Ayari kan tashi da jakuna ɗauke da kanwa, rinannun tufafi, fatu da busasshiyar albasa, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu har Salaga, ya komo da goro a naɗe cikin ganye, ana buɗe shi a kai a kai ana yayyafa masa ruwa kada ya lalace. Zuwa da komowa kan ci wata shida ko shekara guda. Ayari yana da tsari kamar gari: madugu shi ne shugaba, jagaba yana gaba yana duba hanya da zango, uban dawaki yana tattara kuɗin da za a biya sarakunan da ake ratsa ƙasarsu, malami kuma yana riƙe da lissafi da addu'a. Daga cikin manyan fataken goro akwai Agalawa da Tokarawa, waɗanda asalinsu daga ƙasashen Abzinawa na arewa ne, suka gangaro suka zauna a Katsina da Kano. Ta wani ɓangaren kuma Damagaram, musamman a zamanin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, ta zama mahaɗar ayarin gishirin Bilma da na Larabawan Gadamas da Tarabulus, unguwar Zango ta cika da baƙi.

Salaga ta fara rauni bayan Ingilishi sun ci Asante a 1874, yaƙin basasa na 1892 kuma ya watsa ta. Fataken suka bazu zuwa Kete-Karachi, Kumasi da Ankara, suka kafa zangunan da har yau ake jin Hausa a cikinsu. Waɗannan zanguna ne suka zama masaukin ƴan cin rani na ƙarnin da ya biyo baya. Falke ya share hanya, ya bar maigida da masallaci da harshe a kowane mataki, talaka ya biyo sawu.

Iyaka da lanho

A 1899 sojojin Faransa suka ratsa ƙasar, ayarin Voulet da Chanoine ya yi ɓarnar da ba a manta ba a Lugu da Birnin Ƙwanni, kuma a ƙarshen watan Yuli na wannan shekara Damagaram ta faɗa hannunsu bayan karon Tirmini. Yarjejeniyoyin 1898, 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila suka zana iyaka, aka kafa duwatsunta tsakanin 1906 da 1908. Layin ya raba Maraɗi da Katsina, Tibiri da Sabon Birni, Ƙwanni da Ilela, Magarya da Daura. Wa da ƙane suka kwana ƙasa ɗaya suka tashi ƙasa biyu.

Zuwan Nasara ya kawo abubuwa biyu da suka haifi cin rani irin na yau. Na farko, hare-hare sun tsaya, an soke cinikin bayi, hanya ta buɗe ga wanda ba shi da kowa. Na biyu, an ɗora wa kowane kai haraji, wanda mutane suka kira lanho. Da farko ana karɓar wuri da hatsi da dabbobi, daga baya aka tilasta biya da tsabar kuɗin Faransa, a ƙasar da babu inda manomi zai samu irin wannan kuɗi. Bayan lanho ga aikin tilas na hanya da gine-ginen kumandan, ga karɓe raƙuma da hatsi, ga kamun soja a lokacin yaƙin duniya na farko. Yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta zo ta ƙara wa Barno dawaki. Ƙauyuka sukutum sun tsallaka zuwa ɓangaren Ingilishi, inda haraji bai kai nauyin na Faransa ba, waɗanda suka zauna kuma suka riƙa tura ƴaƴansu nemo kuɗin lanho.

Kudu kuwa kuɗi ya fara gudana. Jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Legas da Kano a 1912, ya kai Ƙaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930. Gyaɗa ta buƙaci ƴan dako a Kano, kuza ta buƙaci leburori a Jos da Bukuru, koko ya buƙaci hannu a Gwalkwas da ƙasar Yarbawa. An soke aikin tilas a ƙasashen rainon Faransa da dokar 11 ga Afrilu 1946, mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny, amma a lokacin tafiyar ta riga ta zama ɗabi'a. A Maraɗi, wadda aka sāke gina ta bisa tudu bayan ambaliyar 1945, cinikin gyaɗa ya haifar da sababbin sana'o'i: direba, karen mota, ɗan kamasho, mai awo. Daga cikinsu ne wasu suka zama Alhazan da sunansu ya kai ko'ina. A 1954 Jean Rouch ya bi wasu samari uku daga bakin kogin Kwara zuwa Gwalkwas yana ɗaukar hotonsu, fim ɗin ya fito a 1967 da sunan Jaguar. Mutanen yamma ne ya nuna, amma Adarawa da Arawa sun bi wannan hanyar tare da su, yayin da mutanen Maraɗi da Damagaram suka fi karkata Nijeriya.

Aiki a garin wasu

Ɗan cin rani ba ya sauka ko'ina sai wurin nasa. A Ibadan akwai unguwar Sabo da aka kafa a 1916, a Legas akwai Agege, a Ankara akwai Sabon Zango da Nima, kowace da sarkin Hausawa ko sarkin zango. Baƙo yana neman ɗan garinsu, shi kuma ya kai shi wurin maigida, wanda zai ba shi wurin shimfiɗa tabarma a zaure ko a shago, ya tsaya masa in ya shiga hannun hukuma, ya riƙe masa ajiyar kuɗinsa har ranar komawa. Ta haka ne sana'a ke bin gari. In mutum ɗaya daga wani ƙauye ya samu ƙofa a sayar da tsire ko haƙar rijiya, cikin ƴan shekaru sai a tarar da rabin samarin ƙauyen cikin wannan sana'ar a wannan unguwar.

Sana'o'in kuwa su ne waɗanda ɗan gari ya raina: ga-ruwa, dako, gadi, faskare, yankan farce, gyaran takalmi, wanki da guga, shayi da burodi, tallan koli a faranti, daga baya kuma kabu-kabu. Wasu sun bar tambari a garuruwan da suka zauna. A Abijan, abincin da talaka da ɗalibi suka fi dogara da shi, wato garin rogo turare da soyayyen kifi, sunansa garba, saboda ƴan Nijar ne suka shahara da sayar da shi, kuma Garba suna ne da ya yawaita a cikinsu.

Ɓacin ran aikin ma yana da nasa tarihi, kuma bai sauya sosai ba daga kaka zuwa jika. Akwai mai gidan da zai riƙe kuɗin gadin wata uku ya ce sai baɗi, ya san baƙo ba shi da wurin kai ƙara. Akwai ɗan sandan da ke tare hanya yana neman takarda, in an nuna wannan ya nemi waccan. Akwai kalmar aboki, wadda a gida ta girmamawa ce, a bakin wasu mutanen kudu kuma ta koma kiran raini. Akwai zazzaɓin kurmi ga jikin da ya saba da busasshiyar iska. Mafi nauyi duka ita ce kunyar komowa hannu wofi. Saurayin da rani ya ƙare bai tara abin kirki ba yakan ce bari ya ƙara shekara, shekara ta zama biyar, har a daina lissafa shi cikin masu noman gandu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Nauyin wannan rashi a kan mata yake sauka. Matar ɗan cin rani ita ce ke riƙe da yara da awaki da gamana, ta yi ƙuli-ƙuli ko ƙosai ta sayar, ta jure zama da surukai ba mai tsaya mata. In miji ya makara, ita da yara ke yin shuka a ruwan farko. In shekaru suka wuce ba saƙo ba ciyarwa, akan kai maganar gaban alƙali ko sarki a raba auren. Da wuya a samu ƙauye a Adar da ba a san irin wannan shari'ar ba.

Kora da rufe iyaka

Ƴancin kai na 1960 ya mai da iyakokin Nasara iyakokin ƙasashe, baƙo kuma ya koma mai buƙatar takarda. Darasin farko daga Gana ya zo. Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fita. Mutanen da aka haifa a zangunan Kumasi da Ankara suka sayar da kaya a wulaƙance suka hau manyan motoci zuwa ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba.

Farin 1973 zuwa 1974 ya karya noman gyaɗa ya kashe dabbobi, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ya cika Nijeriya. Jama'a suka kwarara kudu. Yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga wata ya zauna kwana 90 ba biza. Wasu kuma suka nufi arewa, inda aka fara haƙar uraniyom a Arlit a 1971 da Akokan a 1978. Amma da farashin mai ya faɗi, sai laifi ya koma kan baƙo, musamman bayan rikicin Maitatsine na Kano a Disamba 1980, wanda aka ɗora alhakin wani sashensa a kan ƴan ƙasashen maƙwabta. Ranar 17 ga Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu, kimanin mutum miliyan biyu suka fita, ƴan Gana ne mafi yawa, tare da ƴan Nijar masu ɗimbin yawa. A Afrilu 1984 gwamnatin Buhari ta sauya takardun naira ta rufe iyakoki, ba a buɗe su ba sai Maris 1986. Rufewar ta haɗu da farin 1984, hatsi ya kasa shigowa, ɗan cin rani ya kasa fita, shi ya sa mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan shekara suna El Buhari.

Daga 1986 naira ta shiga faɗuwa, abin da aka tara a Kano ko Legas ya riƙa narkewa in an canza shi zuwa sefa. Hanyoyi suka karkata. Adarawa suka ƙarfafa zuwa Abijan har rikicin da ya ɓarke a Satumba 2002 ya dagula zaman baƙi. Wasu suka kama hanyar Agadas da Dirku zuwa Sabha, suna aikin gini da lambu da kiwo a Libiya, har yaƙin 2011 ya koro dubun-dubatarsu gida ba ko kwabo. A yankin Kance kuwa mata ne da ƙananan yara suka shiga tafiya Aljeriya. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, 52 yara ne, 33 mata, 7 maza, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma mafi yawansu daga wannan yankin suka fito. Ƙasa ta yi makoki na kwana uku. Dokar 2015 ta haramta safarar baƙi zuwa arewa, direbobi suka koma bin ɓoyayyun hanyoyi masu nisa da rijiyoyi, har aka soke dokar a Nuwamba 2023. Zinariyar Jado da aka gano a 2014 ta ja samari dubbai, ta Ɗan Isa kuma ta rufta da mutane a Nuwamba 2021.

Nijeriya ta sāke rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka kuma rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 har zuwa Maris 2024. A Janairu 2025 Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO tare da Mali da Burkina Faso. Daga 2019 kuma tafiyar ta juya ta wata fuska, domin dubban mutanen Zamfara da Sakkwato da Katsina sun tsallako jihar Maraɗi suna gudun ƴan bindiga, jikokin waɗanda suka sauki kakannin Maraɗawa suka zama baƙinsu. Duk da waɗannan masifu tafiyar ba ta tsaya ba, kuma dalilin a fili yake. Ƙidayar 1977 ta samu mutum miliyan 5,1 a Nijar, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17,1. Gona ɗaya ake rabawa tsakanin magada da yawa, damana kuwa ba ta ƙara kwana ko ɗaya ba.

Saƙo da waƙa

Yadda matafiyi ke magana da gida ya sauya sau da yawa. Da can saƙon baki ne, a bakin wanda zai riga komawa. Sai wasiƙar ajami, wadda malamin zango ke rubutawa, malamin ƙauye ya karanta a gaban duk wanda ke zaure, saboda haka ba a sa asiri a cikinta. Kuɗi kuwa a hannun direba amintacce ko ta gidan waya. Rediyo ya buɗe wata ƙofa: BBC ta fara shirin Hausa a 1957, Rediyon Nijar ya buɗe a 1958, aka sauya masa suna zuwa Muryar Sahel a 1974, na Kaduna kuma ya fara a 1962. Filayen gaishe-gaishe irin na Zaɓi Sonka sun zama gidan wayar talaka, inda mai gadi a Legas zai ji sunansa da na ƙauyensu, a can gida kuma a tabbatar yana raye.

Kaset ya kawo abin da takarda ta kasa. Wanda bai iya karatu ba ya samu damar ɗaukar muryarsa, ya gai da kowa da sunansa tun daga tsohuwa har jariri, ya faɗi yadda za a raba kuɗin da ya aiko, ya yi wa ƙane faɗa, wani lokaci ya tanadi wani kaset daban na matarsa kaɗai. Gida ya taru a saurara, a juya kaset a ɗauki amsa. Wayar salula ta shigo a farkon shekarun 2000, kamfanonin aika kuɗi suka buɗe rassa har cikin ƙananan garuruwa, yau kuma saƙon murya na WhatsApp ne ya gaji kaset, da irin gaisuwar da irin jerin sunayen.

Waƙa ta bi matafiya duk inda suka je. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangunsa, ya zama abokin hirar direbobi a kan doguwar hanya. Ɗan Maraya Jos, wanda aka haifa a garin ƴan kuza na Bukuru ya rasu a 2015, ya ɗauki kuntigi ya waƙe mutanen da ba mai waƙe su, kuma waƙarsa ta karen mota ta daɗe tana yawo a tashoshi. Ɗan Anace ya raya dambe da noma a kunnen wanda ke kwana a shago. A wannan ɓangaren iyaka akwai Ɗan Gurmu na Tawa, wanda aka sa wa gasar kiɗa ta ƙasa sunansa, da Sa'adu Bori na Maraɗi. Kokowar ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, takan tara ƴan Nijar na Kwatano da Abijan a gindin rediyo guda, kowa yana jiran ya ji ko takobi zai tafi jiharsu. Daga 1990 finafinan Kano da waƙoƙinsu suka shigo, ƴan cin rani ne kuma suka fara kai su ƙauyuka. A gida ma mata suna da nasu waƙoƙin na daka da niƙa, inda ake zambo ga mijin da ya daɗe, ana yabon wanda ya aiko.

Ranar komowa ita ce ranar hukunci. Tsarabar kowane zamani tana faɗin shekarunta: turmin atamfa da goro, sai keke da agogo da fitila, sai rediyo mai kaset, sai kwanon rufi da babur, sai salula da faifan hasken rana. Wanda ya zo da abin aure an ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Wanda ya zo da jaka kaɗai kuwa yakan jira dare ya yi kafin ya shiga gari.

Abin da ke shirin ɓacewa

Cibiyar CELHTO ta Yamai, wadda aka kafa a 1968, da cibiyar IRSH ta jami'a sun tattara tarihin baka da tsofaffin rubuce-rubuce masu daraja, amma galibinsu na masarautu ne da malamai. Tarihin ɗan cin rani yana cikin akwatunan ƙarfe a ɗakunan tsofaffi: wasiƙun ajami da gara ke ci, tsofaffin takardun lanho, katin shaida na ƙasashe uku, hoton da aka ɗauka a Kumasi da aron kwat, da kaset ɗin da zafi ke narkarwa, babu ma akwatin da za a saurare shi. Saurayin da aka koro daga Gana a 1969 yana ɗan shekara ashirin, yau ya haura saba'in da biyar. Saƙonnin murya na yanzu kuwa sun fi kaset saurin ɓacewa, domin suna tafiya tare da wayar da ta faɗa rijiya ko aka sayar.

Aikin ceto bai fi ƙarfin makaranta ko ƙungiyar al'adu ta gari ba. Malami yana iya tura kowane ɗalibi wurin kakansa da tambayoyi kaɗan: wace shekara ya fara tafiya, wa ya saukar da shi, wace sana'a ya yi, me ya komo da shi, wace waƙa ce ke tuna masa da wurin. A tambayi kaka mace ita ma yadda ta riƙe gida. In aka haɗa amsoshin aji guda a kan taswira, za a ga hanyoyin ƙauyen sun miƙa har teku da hamada, yaran kuma za su koyi 1946 da 1969 da 1984 daga bakin waɗanda shekarun suka faɗa a kansu. Ƙungiyoyi suna iya juye tsofaffin kaset a kwamfuta da yardar masu su, su ajiye kwafi a ɗakin karatu na gari. Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne damana, tsakanin noman farko da maimai, sa'ad da matafiya suke gida kuma tsofaffi suke zaune a gindin gawo da yamma.